Zuwa Da Kai Ya Fi Saƙo: Dillali Da Bashin Gida

Mahaifina akawu ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a Zariya, kuma a gidan haya muka tashi a Tudun Wada. Shekara da shekaru ana yankar kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa ana zubawa a Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992. Bai taɓa taka ƙofar bankin da ke riƙe da kuɗin ba. Da ya ƙuduri aniyar mallakar muhalli, sai wani abokinsa ya haɗa shi da dillali mai jakar takardu.

"Malam, kai dai kawo kuɗin fom da na shan ruwan manya," in ji dillalin. "Banki ba wurin zuwan talaka ba ne. Ni zan shige maka gaba."

Wata goma sha huɗu Baba yana biya. Ranar da na matsa masa muka je bankin da kanmu, ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta duba, ta ce babu fayil da sunansa. Cikin rabin sa'a ta zayyana mana abin da ake bukata, ba ta karɓi ko kwabo ba. A hanyarmu ta dawowa Baba bai ce uffan ba, sai da muka iso ƙofar gida ya ce, "Ashe tsoro na saya."

Tun daga ranar na tsaya a kan ra'ayi ɗaya: duk mai neman bashin gida ya tafi da ƙafarsa wurin mai bayar da bashin.

Na san dillanci sana'a ce mai asali a ƙasar Hausa. A cinikin gida dillalin unguwa yana da rana, domin shi ya san gidan da ke cikin rikicin gado da wanda ruwa ke ci da damina. Sai dai ciniki yakan ƙare ranar da aka ce albarka, shi kuwa bashi ranar yake farawa. La'adar dillali tana faɗawa aljihunsa da zarar an sa hannu, mai gida kuma ya ɗauki kaya na shekara ashirin ko talatin. Wanda ba zai biya ko wata ɗaya ba, me zai sa ya damu da nauyin biyan?

Lissafin ma bai goyi bayansa ba. Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yana ba masu zubi rance a kan ruwan kashi shida cikin ɗari, a biya har tsawon shekara talatin, ta hannun bankunan jingina masu lasisin Babban Bankin Nijeriya. Ashe akwai tsani ɗaya da doka ta sani, wanda za a iya kai ƙararsa in ya ci amana. Mai jaka tsani ne na biyu da babu rajistarsa a ko'ina. In ya karkata mutum zuwa wani rancen da ya ɗara da kashi biyu kacal, a kan naira miliyan biyar an yi asarar kusan dubu ɗari a shekarar farko kaɗai.

Akwai kuma tambayoyin da saƙo ba ya iya ɗauka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce ba a jinginar da fili mai takardar mallaka sai da amincewar gwamna, kuma a Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke kula da waɗannan takardu. Wanda ke gudun riba yana da damar tambayar bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, yadda tsarin ijara yake. Dillalin da la'adarsa ke wata ƙofa ba zai nuna maka wannan ƙofar ba.

Masu kare shi za su ce a Amurka dillalan rancen gida suna kwatanta wa mutane farashin bankuna. Haka ne. Amma a can ma, son la'ada na cikin abin da ya tura iyalai ga bashin da ya fi ƙarfinsu kafin rushewar kasuwar gidaje a 2008, har sai da dokar 2010 ta hana a biya dillali gwargwadon tsadar ruwan da ya ɗora wa mutum. In mai lasisi ya bukaci irin wannan linzami, ina ga wanda shaidarsa kawai ita ce daɗin baki?

Ban wanke bankuna ba. Takardunsu da Turancin lauyoyi suke, layinsu dogo ne, amsarsu tana jinkiri, kuma a wannan tazarar dillali ke kiwo. Hakkinsu ne su fassara sharuɗɗa da Hausa, su karɓi mai gadi da fuskar da suke karɓar darakta. Kafin su yi hakan, maganin ƙofa mai nauyi shi ne a riƙa tura ta.

Baba ya sake cike takardu da hannunsa, ya karanta kowane shafi, inda bai gane ba ya tambaya. Kuɗin da dillali ya ci ba su dawo ba, amma yanzu ya san lambar fayil ɗinsa da ka.