Sharhi: Sake Buɗe Shari'ar Tarar Mahaƙan Ma'adinai a Amurka Bayan Cikar Wa'adi

A ƙasar Amurka, dokar kiyaye lafiya da rayukan masu haƙar ma'adinai ta shekarar 1977 ta wajabta wa sufetocin gwamnatin tarayya su riƙa duba kowace mahaƙa ta ƙarƙashin ƙasa sau 4 a shekara, ta sarari kuma sau 2. Idan sufeto ya tarar da laifi, hukumar MSHA da ke ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago takan yanka wa kamfanin tara, ta aika masa da takarda. Daga ranar da takardar ta shiga hannunsa, kamfanin yana da kwana 30 ya bayyana cewa bai amince ba. Idan ya yi shiru har wa'adin ya cika, tarar ta zama hukuncin ƙarshe, wanda dokar ta ce babu kotun da za ta sake dubawa. Haka kuma kamfanin da ya ƙalubalanci tara amma ya kasa amsa ƙarar, aka nemi ya kawo dalili bai kawo ba, alƙali kan yanke masa hukunci a bayan idonsa.

To, amma a shekarar 1993, a shari'ar kamfanin Jim Walter Resources, hukumar sauraron ƙararrakin mahaƙai, wadda ke zaman kanta da wakilai 5, ta yanke cewa tana da ikon sake buɗe irin wannan hukunci. Ta jingina da ƙa'ida ta 60(b) ta kotunan tarayya, wadda ta amince da kuskure, ko rafkanuwa, ko sakacin da ke da uzuri, muddin an nemi hakan kafin shekara guda ta wuce.

Muna ganin akwai hikima a cikin wannan mataki. Yanke wa mutum hukunci ba tare da an ji ta bakinsa ba abu ne mai tsauri, kuma hukumar da kanta ta sha faɗin haka. Da yawa daga cikin masu neman sassaucin ƙananan kamfanonin fasa dutse ne da na ɗibar yashi, waɗanda ba su da lauya. An sha samun wanda ya cike takardar ƙin amincewa a kan lokaci, amma ya haɗa ta da cakin kuɗi ya aika ofishin karɓar tara da ke birnin St. Louis, maimakon ofishin da ke karɓar ƙorafi. Irin wannan bai raina doka ba, adireshi ya ɓata.

Sai dai lamarin ya wuce batun kuɗi kawai. Gaskiya ne cewa wajibi ne kamfani ya gyara abin da sufeto ya gani, ko ya amince da tarar ko bai amince ba. Amma wajen lissafin sabuwar tara ana duba tarihin laifuffukan kamfani na watanni 15, kuma laifin da hukuncinsa ya tabbata ne kaɗai ke shiga wannan lissafi. Ke nan duk hukuncin da aka sake buɗewa ya fita daga tarihin har sai an kammala shari'a.

Ba mu manta da abin da jinkiri ya haifar ba. Bayan fashewar mahaƙar Sago a jihar West Virginia a watan Janairun 2006, inda mutum 12 suka rasu, majalisar dokoki ta ƙarfafa dokar, aka kuma ƙara yawan tara a 2007. Kamfanoni suka shiga ƙalubalantar tara babu ƙaƙƙautawa, har ƙararraki fiye da 16,000 suka taru a gaban alƙalai a farkon 2010. Ranar 5 ga watan Afrilun wannan shekara, mahaƙar kwal ta Upper Big Branch ta yi bindiga, ma'aikata 29 suka mutu. A lokacin, ba a sanya mahaƙa cikin jerin masu yawan saɓa doka sai da hukuncin da ya tabbata, sharaɗin da aka soke a 2013.

Saboda haka muna goyon bayan yadda hukumar ke tsananta bincike kafin ta buɗe ƙofa. Ba ta wadatuwa da a ce mata an yi kuskure a ofis. Tana so a faɗi wanda ya karɓi takardar, da ranar da ya karɓa, da inda ta maƙale, da matakin da aka ɗauka don kada a maimaita. Ta ƙi buƙatun kamfanonin da ta gano cewa tsarinsu na kula da takardu ne ba shi da inganci tun asali, tana kuma tambayar dalilin jinkiri idan an aika wa kamfani takardar tunin bashi bai motsa da wuri ba. A nan muna da ɗan ƙorafi: sau da yawa ma'aikatar ƙwadago ba ta yin jayayya da buƙatar, alhali ita ce ke riƙe da bayanan da za su nuna ko kamfanin ya saba yin haka.

Idan an amince, ba a yafe tarar ba. Ana mayar da batun ga babban alƙalin hukumar, ma'aikatar ƙwadago kuma ta shigar da ƙara cikin kwana 45, sannan kamfanin ya zo ya kare kansa.