Ƙurar Allah daban, ƙurar mutum daban

Jama'a talakawa, 'yan kasuwar Bilbis da Tsafe da Bungudu da Gusau, ku saurara. Duk sa'ad da muka yi kukan tari da ciwon ido, sai masu mulki su ce mana ƙura daga Allah take, mu yi haƙuri. To, bari mu rarrabe aya da tsakuwa.

Hazon hunturu mun yarda na Allah ne. Iska ce ke kwaso shi daga Bodele a ƙasar Cadi, ta zubo mana tun daga Nuwamba har wajen Maris, kuma ya fi kauri a nan Arewa bisa ga bakin teku. Da ruwan damina ya sauka sai sama ta wanke. A watannin rani ne kuma sanƙarau ke tashi, kamar yadda ya yi wa Zamfara ɓarna a 2017.

Amma ƙurar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum a 2010 fa, daga Cadi ta zo? Ko kusa! A cikin gidaje aka niƙa dutsen zinariya mai gubar dalma, yara suka shaƙa, suka haɗiya. Baƙin toka da ya rufe Fatakwal tun daga 2016 kuwa, hayaƙin man fetur ne da ake dafawa a ɓoye. Haka nan ƙurar hanyar da ba kwalta, da hayaƙin janareta, da na shara da ake ƙonawa a gefen rumfuna, duk aikin hannun mutum ne. Wa ke shaƙa? Mai tuyar ƙosai, da ɗan dako, da mai talla da goyonta. Mai mota ya ɗaga gilashi ya wuce.

Kada a ce mana ba a iya kome. A Disamba 1952 hayaƙin gawayin kwal ya kashe dubban mutane a Landan. A 1956 majalisar Ingila ta yi dokar tsabtace iska, sannu a hankali sararin birnin ya washe. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar ƙananan ƙwayoyin ƙura da ta yarda da ita daga 10 zuwa 5, don ta gane ɓarnarsu ga huhu da zuciya ta wuce yadda aka zata.

Saboda haka muna neman abu huɗu. A kafa na'urar auna iska a Gusau da Tsafe da Bungudu. A riƙa faɗin sakamakon a rediyo da Hausa. A yi wa hanyoyin kasuwa kwalta da kuɗin da ake karɓa a hannunmu ranar kasuwa. A hana niƙan dutsen zinariya cikin gari.

Hazon Allah za mu yi haƙuri da shi. Ƙurar sakaci kuwa, sai an ba mu amsa.