ZAUREN ANTI: Yanzu Gani Ba Ya Korar Ji

  Waɗanda suka aiko da wasiƙu a kan maganar lefe ku gafarce ni, na ajiye su sai fitowa ta gaba, domin yau akwai wata magana da ta tsaya mini a maƙogwaro, na kasa haɗiye ta.

Kwanakin baya na je wani biki. Muna zaune a ɗakin uwar amarya ana hira ana jiran abinci, sai na ga waya tana yawo daga hannu zuwa hannu, duk wadda ta karɓa sai ta riƙe baki tana salati. Da ta iso kaina sai na ga hoton wata yarinya ce 'yar unguwar, a cikin halin da ba zan iya faɗa a wannan shafi ba. Na san yarinyar, na san uwarta, har an kai kuɗin gaisuwarta. Na ce, "Anya kuwa? Ku dai bi a hankali." Sai wata hajiya ta taso mini, "Haba Anti, ga fuska nan ƙuru-ƙuru! Ai gani ya kori ji." Wallahi kafin a sauke tukunya mutum huɗu sun tura hoton a wayoyinsu, babu ko ɗaya da ta tambayi inda ya fito.

Bayan kwana biyu sai ga ƙanwar yarinyar ta zo mini da kuka, ta nuna mini hoton asali. Hoton Sallah ne da yayarta ta ɗora a Instagram, tana cikin atamfarta da mayafinta. Fuskar ɗaya, murmushin ɗaya, har karkata kan da ta yi. Daga wuya zuwa ƙasa kuwa babu inda yake nata, na'ura ce ta zana.

To 'yan matana, ku matso ku ji yadda ake yin abin. A zamaninmu in kina son hoto sai kin ci ado kin tafi situdiyo, ki jira kwanaki kafin a wanke, kuma abin da ya tsaya gaban kyamara shi zai fito. Shi ya sa iyayenmu suka ɗauki hoto a matsayin shaida. Yanzu kuwa an samu abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato AI. Kada sunan ya firgita ku, ba aljani ba ne. Kwamfuta ce ake ɗura wa miliyoyin hotuna, ta yi ta nazarinsu har ta gane yadda ido yake zama, yadda haske ke sauka a fata, yadda tufa ke kwanciya a jiki. Kamar yarinyar da ta tashi a gidan mai kitso ce, tsabar kallo sai ki ga tana yarfa kitson da ba a taɓa koya mata ba. To haka ita ma, in aka ba ta fuskarki sai ta ƙarasa sauran da kanta, ta sa miki kayan da ba ki taɓa sawa ba, ta ajiye ki a ɗakin da ba ki taɓa shiga ba. Turawa suna kiran irin wannan jabu dipfek, sunan da ya ɓullo a dandalin Reddit a 2017. Da can sai gwani ne ke iyawa, amma yanzu da hoto ɗaya da waya a hannu, ko yaro ma zai yi.

Kada ku ce ai mu ne ba mu waye ba shi ya sa ake ruɗin mu. A watan Maris na 2023 duniya ta ɗauka da hoton marigayi Fafaroma Francis sanye da wata ƙatuwar farar rigar sanyi irin ta 'yan gayu, manyan 'yan boko da yawa suka gaskata, alhali da manhajar Midjourney aka haɗa shi. A farkon 2024 kuma 'yan sandan Hong Kong suka ba da labarin wani ma'aikacin kamfani da ya tura kimanin dala miliyan 25, bayan ya yi taro ta bidiyo da manyansa na wurin aiki, yana ganin fuskokinsu yana jin muryoyinsu, ashe duk na bogi ne. In har za a yi wa mai lissafin kuɗi haka, ina ga hajiyarmu ta gidan biki?

Amma inda abin ya fi ciwo shi ne a kanmu mata ya fi faɗawa. A watan Satumba na 2023, a wani gari mai suna Almendralejo a ƙasar Sifaniya, 'yan mata sama da 20, masu shekara 11 zuwa 17, suka tarar ana yawo da hotunansu na jabu a wayoyin 'yan makaranta. Daga shafukansu aka kwashi fuskokin, kuma waɗanda suka aikata yaran garin ne, wasu ma ajinsu ɗaya. Abin da ya burge ni shi ne iyayensu mata. Ba su rufe yaran a ɗaki ba, ba su ce sun jawo musu abin kunya ba. Ɗaya daga cikinsu, likitar mata ce, ta fito fili ta faɗa wa duniya abin da aka yi wa 'yarta, sauran iyaye suka haɗa kai suka kai ƙara. A watan Yuli na 2024 kotu ta sami yara maza 15 da laifi, ta sa su ƙarƙashin sa ido na shekara guda, ta kuma tilasta musu zaman karatun gyaran hali.

A Koriya ta Kudu ma, a watan Agusta na 2024 asiri ya tonu cewa akwai zaurukan Telegram da ake musayar irin waɗannan hotuna na ɗalibai da malamai mata, har 'yan mata suka riƙa goge hotunansu daga intanet don tsoro. Wata guda bayan nan majalisar ƙasar ta yi doka: ko kallo ka yi, ko ajiyewa, za ka iya shan ɗaurin da ya kai shekara 3, ko tarar won miliyan 30. Ku lura fa, har mai kallo. Amurka kuma a watan Mayu na 2025 ta kafa dokar da ta ce in wadda aka zalunta ta kai kuka, dole shafin ya sauke hoton cikin awa 48. Mu ma a Nijeriya muna da dokar laifuffukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma 'yan sanda suna da cibiya ta musamman a Abuja a kan irin waɗannan laifuffuka.

Tun kafin su Koriya su farga, mu addininmu ya riga ya yanke. Sunan abin nan ƙazafi, kuma Suratun Nur ta yi maganarsa: wanda ya jefi mace kamila da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ce hakkinsa. Ku tuna Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, kusan wata guda ana yamaɗiɗi da sunanta a Madina kafin Allah ya wanke ta. Cikin waɗanda aka yi wa haddi har da waɗanda ba su suka ƙago maganar ba, yaɗawa kawai suka yi. To ke da kika danna kika tura wa ƙawarki wai "zo ki ga abin mamaki", a wane layi kike? Ɓarawo shi kaɗai ba ya cin kasuwa sai da mai sayen kayan sata.

Wasu za su ce a duba yatsu, a duba ɗankunne, in an ga yatsa shida ko rubutu a hargitse to jabu ne. Da can wannan dabara ta yi aiki, amma na'urorin sun ƙara ƙwarewa, ido kaɗai ba ya isa. Don haka ga abin da nake so ku riƙe.

Na farko, in irin hoton nan ya shigo wayarki, ya mutu a hannunki. Kada ki tura, kada ki nuna, ki goge, ki kuma faɗa wa wadda ta turo miki cewa ba kya so.

Na biyu, ki rufe shafinki sai waɗanda kika sani, ki rage amsar abotar baƙin fuska. Wannan rigakafi ne kawai, don ko a hoton taron biki ana iya ciro fuskar mutum. Saboda haka in an yi wa yarinya, kada wanda ya ce ita ta jawo. Laifin na wanda ya haɗa ne da wanda ya yaɗa.

Na uku, in ke abin ya faɗa wa, Allah ya kiyaye, wani ya ce ki ba shi kuɗi ko ki turo masa hotonki na gaske in ba haka ba ya watsa, kada ki ba shi ko sisi. Wanda aka ba yau, gobe ma zai dawo. Ki adana lambarsa da saƙonninsa da ranar da ya turo, ki nemo hotonki na asali, sannan a ranar ki faɗa wa Umma, ko yaya, ko malamar da kika yarda da ita. Na san akwai nauyi, amma ciwon da aka ɓoye shi ke ruɓa. Akwai kuma shafuka biyu na kyauta, Take It Down na 'yan ƙasa da shekara 18, da StopNCII na manya. Hoton ba ya barin wayarki, wata lamba ce ake ciro masa kamar zanen yatsa, sai su Facebook da Instagram da TikTok su yi amfani da ita su tare shi. Sai dai ba sa iya shiga saƙonnin WhatsApp, can kam sai tsoron Allah na masu riƙe da wayar.

Ku kuma iyaye mata da na san kuna leƙa wannan shafi in yara sun tafi makaranta, don Allah in 'yarku ta zo da irin wannan kuka, ku fara rungumar ta kafin tambaya. Yarinyar da ta san mari ne ke jiran ta a gida, wajen azzalumin za ta koma tana roƙo.

Ita kuwa yarinyar unguwarmu, ni da mahaifiyarta mun ɗauki hoton Sallar nan mun je har gidan su yaron, muka ajiye wa uwarsa hotunan biyu gefe da gefe. Ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, can ta ce a ba ta lokaci ta yi magana da Alhaji. Har yau da nake wannan rubutu muna jira, yarinya kuwa ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Ku sa ta a addu'a.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya kare mu daga sharrin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu, inda za mu koma kan maganar lefe.

Taku har kullum,
Anti.