Jinjina Ga Masu Bi Na Kudancin Kaduna, Amma Da Sauran Aiki

Akwai tambayar da ta daɗe tana yawo a majami'un Kafanchan da Kagoro da Kwoi da Zonkwa: mutumin da ya miƙa ransa ga Mulkin Allah, wane bashi ƙasarsa ta duniya take binsa? Tambayar takan ƙara nauyi idan ƙasar ta sha gazawa wajen kare shi. Kiristocin kudancin Kaduna sun cancanci jinjina, domin amsar da suka bayar a aikace cikin kusan shekara 40 amsa ce ta dattaku. Sun riƙe Almasihu a matsayin Sarkinsu, kuma ba su saki Najeriya ba.

Sai an tuna abin da suka sha kafin a san girman wannan riƙo. A watan Maris na 1987 gardama kan wa'azi ta ɓarke a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wutar ta bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, wuraren ibada da dama suka zama toka. A 1992 rikicin sauya wa kasuwa mazauni ya jefa Zangon Kataf cikin jini. A 2011 kasuwar Kafanchan ta ƙone a tarzomar bayan zaɓe. A jajibirin Kirsimeti na 2016 mahara suka afka wa Goska. A Yulin 2022 aka sace Fada John Mark Cheitnum aka kashe shi, a Satumbar 2023 kuma Na'aman Danlami, ɗalibi mai koyon aikin limanci, ya mutu cikin wutar da mahara suka cinna wa gidan limamai a Fadan Kamantan. Ƙauyukan da aka binne mutanensu a rami ɗaya sun fi a lissafa a nan. Wanda ya ga irin wannan yana da hujjar cewa ya gaji da ƙasar, zai ja gefe ya jira ta sama.

Ba su ja gefe ba. Yankin nan ne ya ba Najeriya Janar Martin Luther Agwai, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa, ya zama babban hafsan tsaro, daga baya ya jagoranci dakarun kiyaye zaman lafiya a Darfur, inda mafi yawan waɗanda ya je karewa Musulmi ne. Yankin ne kuma ya ba jihar Kaduna Patrick Ibrahim Yakowa na Fadan Kagoma, Kirista na farko da ya hau kujerar gwamna a 2010, wanda ya rasu yana kan mulki a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Bayelsa cikin Disambar 2012. Daga ƙasar Ikulu Bishop Matthew Hassan Kukah ya fito, ya zama mamba a kwamitin Oputa da aka kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam, sannan tun 2015 yake aiki da Janar Abdulsalami Abubakar wajen sa 'yan takara su rattaba hannu kan alkawarin zaɓe cikin lumana. Bayan waɗannan manya akwai dubban da ba a buga sunansu a jarida: malaman firamare, ma'aikatan jinya, 'yan sanda, manoman cittar Kachia da Jaba da suka koma gona bayan annobar da ta cinye amfaninsu a 2023, da iyayenmu na Zumuntar Mata da ke haɗa hatsi da zannuwa su kai wa 'yan gudun hijira. A kowace Lahadi ana yi wa shugaban ƙasa da gwamna addu'a a majami'un da hukuma ta kasa tsarewa. Sannunku da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri.

Wannan hali daga bangaskiyar kanta ya tsiro. Lokacin da aka kwashe Yahudawa zuwa bauta a Babila, Annabi Irmiya ya aika musu da wasiƙa cewa su yi gini, su yi shuka, su yi aure, su kuma roƙa wa garin da ya ci su da yaƙi alheri, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Manzo Bulus, wanda ya koya wa masu bi cewa ainihin ƙasarsu tana sama, shi ne ya tsaya gaban jami'an Roma ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasa, har ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. A nan gida ma muna da Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya zama babban sakataren ECWA a 1967, daga baya ya riƙe irin wannan muƙami a ƙungiyar masu bishara ta Afirka har rasuwarsa a 1975. Koyarwarsa ita ce mutum zai iya zama cikakken Kirista ba tare da ya yar da asalinsa ba, muddin Maganar Allah ce ke hukunta al'adarsa. Tsarin ke nan: Allah a gaba, ƙasa da ƙabila a bayansa, kowanne da haƙƙinsa.

A nan ne sauran aikin yake, kuma yabo ba zai hana a faɗe shi ba. Na farko, mu faɗi gaskiyar jinin da ya zuba a kowane ɓangare. A Afrilun 2011 an kashe ɗaruruwan Musulmi a Zonkwa da Matsirga da kewayensu, waɗanda suka tsira suka daɗe suna zaman gudun hijira a sansanin alhazai na Kaduna. Hausawan Zangon Kataf sun binne nasu a 1992. Akwai rugagen Fulani da aka ƙone don laifin da wasu suka aikata. Ambaton wannan bai rage komai daga raɗaɗin Goska ko na Fadan Kamantan ba. Amma mai cewa shi ɗan Mulkin Allah ne ba shi da izinin yi wa gawa ɗaya kuka ya kau da kai daga ɗaya. Bahaushen Kafanchan da kakansa ya zo da jirgin ƙasa, da Bafulatanin da aka haifa a dajin Ladduga, 'yan ƙasar nan ne, kuma su ne maƙwabcin da Ubangiji ya umarce mu mu ƙaunata. Mu tuna cewa tun fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Bajju da Atyap da Ham da sauran ƙabilun yankin da harshen wannan maƙwabci suke haɗuwa su yi sujada. Kishin ƙasar da ya tsaya a iyakar ƙabila bai kai a kira shi kishin ƙasa ba.

Na biyu, alkawuran da aka ɗauka suna jiran masu cika su. A Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar, wato Jema'a, Kaura, Kachia, Sanga da Zangon Kataf, suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan. Kafin shekarar ta ƙare jini ya sake zuba. A 2020 Agwatyap, sarkin Atyap, ya tara Atyap da Hausawa da Fulani suka ƙulla wata. Takarda ba ta hana kisa idan ta tsaya a hannun manya. Ya kamata kowace ikkilisiya ta san abin da aka rubuta, fasto ya san limamin masallacin unguwarsu da arɗon da ke kusa tun kafin saniya ta shiga gonar wani. Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a rikicin 1992, da Imam Muhammad Ashafa sun nuna tun 1995 cewa tsoffin abokan gaba za su iya aiki tare ba tare da wani ya sassauta aƙidarsa ba.

Na uku, a tsare mimbari daga ciniki. Ɗan siyasar da ya ba da gudummawar rufin majami'a bai sayi shirun fasto ba. Muna da murya idan wanda ba namu ba ya zalunce mu, to mu samu irinta idan ɗanmu ne ya cinye kuɗin asibiti ko na makaranta. A 2025 yankin ya samu Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan da jami'ar tarayya a Kachia. Godiya ta dace, amma sa ido ya fi dacewa: wa aka ɗauka aiki, da wane ma'auni, kuma talaka yana samun magani? Baftisma ba ta wanke kuɗin sata, kuma sayar da ƙuri'a cin amanar ƙasa ne ko da an yi shi a harabar majami'a.

Na huɗu, gafara ba ta soke neman adalci. Masu cewa a yi haƙuri a yi shiru ba su yi wa zawarawa da marayu adalci ba. A ci gaba da rubuta sunayen waɗanda aka kashe, a kai ƙara kotu, a matsa wa gwamnati ta kama masu kisa ko su wane ne, ta mayar da mutane gonakinsu. Duniya ta ji kukan, har Amurka ta sake sanya Najeriya a jerin ƙasashen da take zargi da tauye 'yancin addini a ƙarshen Oktoban 2025. Faɗa wa duniya gaskiya ba laifi ba ne, sai dai baƙo zai yi magana ya koma gidansa, mu ne za mu kwana da juna. Matasanmu kuma a hana su ramuwar gayya, domin ramuwa takan faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba, ta kuma haifar da wani harin.

Iyayena da 'yan'uwana, kun nuna cewa mai bin Almasihu zai iya son ƙasar da ta sa shi kuka. Abin da ya rage shi ne wannan ƙauna ta isa ga wanda ba ya shiga majami'arku, gaskiyarku kuma ta hau kan naku kamar yadda take hawa kan wasu. Shugabannin ikkilisiya su fara, mu kuwa mu bi da ƙuri'armu da bakinmu da halinmu a kasuwa da gona. Allah ya ba kudancin Kaduna salama mai ɗorewa, ya ba Najeriya shugabanni masu tsoronsa.