Ƙafar jirgi ma tana buƙatar makaniki

Tsakanin Damagaram da Yamai tafiyar wajen kilomita 900 ce a mota, shi ya sa jirgin sama ba kayan alatu ba ne a wurinmu. An gyara filin jirgin Damagaram (Zinder) albarkacin bikin Zinder Saboua na 2018, amma santsin titi ba ya hana ƙafar jirgi gajiya. Ita ke ɗaukar nauyin jirgin duka a kowace sauka. Zafin rani yana cin taya da birki, ƙurar hunturu kuma tana shiga robobin da ke riƙe mai har ya fara yoyo. To ina mai jirgi zai sami kayan gyara? Dubi Fokker 50 da Niger Airlines ya yi jigila da shi: kamfanin da ya ƙera shi a Holan ya karye tun 1996. Kowane ƙarfe sai an yi odarsa daga waje da kuɗin waje, tare da takardar shaidar ingancinsa, littafin gyaran ma sai an biya kafin a sami sabon bugu. A ganina nan haɗarin yake, domin wanda aka tsawwala wa farashi shi ke jinkirta gyara. Amma akwai mafita: makarantar jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da injiniyoyi, ga ta kusa da mu. Ya kamata hukumar kula da sufurin jiragen sama, ANAC, ta wajabta wa duk mai kawo jirgi ya zo da littattafansa da yarjejeniyar kayan gyara, gwamnati kuma ta tura yaranmu su koyo.