MACHINARIUM: Soyayyar ƙarafa, ba mai cewa uffan

A wannan karon filin zai ɗan kauce daga kaset da faifai, ya leƙa duniyar wasannin kwamfuta. Kada mai karatu ya yi saurin buɗe shafi na gaba. Wasan da za a duba ya fi kusa da fim a kan ƙwallon da yara ke bugawa a shagunan gem, kuma abin da ya sami masu shi a hannun ɓarayin fasaha, duk wani furodusa zai ji kamar labarinsa ake bayarwa.

Sunan wasan Machinarium. Wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa a Jamhuriyar Cek, Amanita Design, shi ya fito da shi a watan Oktoba na 2009. Mutum bakwai ne kacal suka yi aikin, suka shafe shekara uku a kai, da kuɗin aljihunsu. Babu wani babban ɗan kasuwa da ya tsaya musu. Abin da suka ware don talla gaba ɗaya dala 1,000 ne. Jagoransu Jakub Dvorský ya karanci zane ne a birnin Prague, kuma shi ma ɗan fim ne ta wata fuskar, domin ya yi aikin tsara siffofi a fim ɗin Kooky na 2010, wanda darakta Jan Svěrák ya yi, wato mutumin da ya ci kyautar Oscar da fim ɗinsa Kolya.

Labarin ba shi da wani tsawo. Ana buɗe wasan da wani jirgin kwasar shara da ya zo ya juye kaya a bola, a bayan gari. Cikin sharar har da jarumin, wani ɗan mutum-mutumin ƙarfe mai suna Josef, kai daban, ƙafa daban, hannu daban. Aikin farko na mai wasa shi ne ya harhaɗa shi. Daga nan sai ya nemi hanyar komawa cikin birni, inda wasu 'yan daba uku masu baƙaƙen huluna suka sace masa budurwa, Berta, suka kulle ta a kicin tana yi musu girki, sannan suna shirin dasa bam a hasumiyar da ta fi kowace tsawo a garin. Shi ke nan. Yaro, yarinya, mugaye. An sha ganin irinsa.

Sunan jarumin ma da dalili. An sa masa shi ne don tunawa da Josef Čapek, mai zane ɗan ƙasar, wanda ya ba ɗan'uwansa Karel shawarar kalmar "robot" lokacin da yake rubuta wasan kwaikwayon R.U.R. na 1920. Daga can kalmar ta bazu duniya.

To ina abin burgewar? Daga farkon wasan har ƙarshensa babu kalma ɗaya da aka furta, babu kuma wadda aka rubuta a matsayin zance. Idan wani zai yi magana, sai wani ɗan kumfa ya fito a saman kansa, a ciki a ga zane mai motsi na abin da yake nufi. Fursunan da Josef ya tarar a kurkuku yana son taba, sai a ga hoton taba. Tsohon da ke kan keken guragu yana son man da zai sa wa gaɓoɓinsa, sai a ga gwangwanin mai. Da irin wannan zanen ake nuna yadda 'yan dabar suka riƙa cin zalin Josef tun yana ƙarami. Idan kuma mai wasa ya bar shi tsaye bai taɓa komai ba, sai ya shiga tunanin zamansu da Berta. Nan fa sai ka ji tausayin gwangwani ya kama ka! Marubutan da ke sa jarumi ya zauna a falo minti goma yana bayanin abin da 'yan kallo suka riga suka gani da idonsu, ya kamata su nemi wasan nan ko don wannan kaɗai. Kuma saboda babu magana, babu batun fassara. Wanda bai iya Turanci ba da wanda ya iya duk ɗaya suke a gabansa.

Sai zane. Da hannu aka zana kowane waje, akasari aikin Adolf Lachman ne. Gari ne na tsatsa da bututu da wayoyi, komai ya tsufa, komai an yi masa faci, kai ka ce unguwar 'yan gwangwan ce aka mayar birni. Amma akwai rai a ciki: ga wata mai lema tana cigiyar karenta, ga wani ƙaton mai gadi rungume da 'yar tsanar zomonsa wadda batirinta ya mutu, ga makaɗa uku a bakin titi sun rasa kayan kiɗansu. Ba banza ba wasan ya ci kyautar zane a bikin Independent Games Festival na 2009, tun kafin ma ya shiga kasuwa. Kiɗan kuwa na Tomáš Dvořák ne, wanda aka fi sani da Floex, mai sanyi, haɗe da ƙarar ƙarafa da busa. Abin dariya, wanda ya haɗa sauran sautukan shi ma sunansa Tomáš Dvořák, amma mutum biyu ne daban.

Kacici-kacicin da suka fi daɗi su ne waɗanda suka fito daga cikin labarin. Misali, a ƙofar gari mai gadi ba ya barin kowa ya shiga sai ɗan sanda. Sai Josef ya ɗauki mazubin robar nan da ake jerawa a kan titi, ya tsoma a fenti, ya ciro ƙwan fitila daga jikin fal, ya kifa a ka, ya miƙe tsawonsa, ya zama ɗan sandan bogi. Mai gadi ya sauke masa gada. Bai kai ga ƙetarewa ba ya taka mai, santsi ya kwashe shi ya faɗa ƙasa. Wannan shi ne wasa ƙwaƙwalwa da ban dariya da ci gaban labari a dunƙule wuri guda. Jikin Josef yana miƙewa yana kuma tsugunnawa, duk abin da ya tsinta kuwa haɗiye shi yake yi, cikinsa ne jakarsa.

Sai dai fa daga wannan jikin nasa ne matsala ta farko ta taso. An tsara wasan yadda ba za ka iya taɓa abu ba sai Josef yana kusa da shi, kuma tsawonsa ya yi daidai. Ma'ana, za ka iya ɗora linzami a kan abin da ake nema, wasan ya yi shiru kamar babu komai a wurin, don kawai jarumin yana taku uku nesa. Haɗa wannan da zanen da kusan duk launin ƙasa-ƙasa ne da toka-toka, sai ka ga mutum ya ɓata rabin awa yana neman wata 'yar ƙugiya da ta saje da bango. Wannan ba gwajin basira ba ne, gwajin ido ne. A kan fuskar waya abin ya fi muni. Ga shi kuma idan ka miƙar da shi, tafiyarsa sai ta koma ta hawainiya.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma. Yayin da wasan ya yi nisa, sai a riƙa cusa wasu ƙananan wasanni da ba su da alaƙa da labarin: tura ƙwallaye, haɗa wayoyi, harbe-harbe irin na tsofaffin injinan gem. Wanda ya fi ƙaurin suna shi ne na cikin mashaya, inda dole ka zauna da wani ka buga wani abu mai kama da dara, sai dai maimakon uku, biyar ake jerawa, da noti da ƙusoshi. Abokin karawar ba ya wasa. Kuma sai ka ci shi sannan za ka sami abin da mai busa yake buƙata, babu wata hanya ta kewaye. Ana tsakiyar labarin bam da budurwa a kulle, sai a ajiye ka a teburin dara! Daidai yake da waƙar da aka liƙa a tsakiyar fim don a cika faifai.

An yi ƙoƙarin rage wahalar. A kowane waje akwai alamar ƙwan fitila da ke ba da ɗan haske guda ɗaya, akwai kuma littafi mai kwaɗo da ke ɗauke da cikakkiyar amsa a zane. Kafin ya buɗe sai ka tuƙa wani mabuɗi mai tashi kana harbin gizo-gizo. Dabara ce mai kyau, domin tana sa mutum ya sake tunani kafin ya yi satar amsa. Amma littafin ba zai buga maka darar nan ba.

Ita Berta an tauye ta. Ana ba mai wasa damar sarrafa ta a cikin kicin, kuma wurin na daga cikin mafi daɗi a wasan. Daga nan sai ta koma jiran a zo a cece ta. Su ma mugayen ba a faɗi abin da ya kai su ga bam ba, mugaye ne kawai don an ce su zama mugaye. Ƙarshen kuma yana zuwa da gaggawa, kamar fim ɗin da kuɗi suka ƙare wa furodusa ana saura fitowa biyu. Iyaye su lura akwai wurin haɗa taba da kuma mashaya, ko da yake mai ake sha a ciki.

Yanzu batun kasuwa. Masu wasan sun sake shi babu wani makulli na hana kwafa, suka dogara da amanar masu saye. A watan Agusta na 2010 suka fito suka ce a ƙiyasinsu, kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai na masu buga wasan suka biya kuɗi. Sauran duk kwafa suka yi. Maimakon kotu ko kamen 'yan kasuwa, sai suka yi shelar afuwa ga ɓarayin: suka karya farashi daga dala 20 zuwa dala 5 na 'yan kwanaki, suka ce wanda ya san ya ci haram ya zo ya wanke kansa. An sayi kimanin kwafi 20,000 a wannan ɗan tsakanin. Ba wannan ne ya kashe satar ba. Abin da ya fi taimakonsu shi ne bin mai saye duk inda yake: iPad a 2011, Android da PlayStation 3 a 2012, daga baya PlayStation 4 da Nintendo Switch da Xbox One. Zuwa watan Yuli na 2016 sun sayar da fiye da kwafi miliyan 4, kuma kaso mai tsoka a kan waya ne da makamantanta.

Wanda zai nema a kwamfuta ya nemi sabon zubin da aka sake ginawa a 2017. Na farkon a kan manhajar Flash aka yi shi, kuma ya sha goge wa mutane inda suka tsaya idan an share tarkacen intanet daga kwamfutar. Ka ci darar nan da ƙyar, ka dawo washegari ka tarar da Josef a bola, kai daban, ƙafa daban.