Ra'ayinmu: Sa'o'i Biyu a Mako Domin Laburaren Garinmu

Duk malamin firamare da ya taɓa miƙa wa ɗan aji huɗu littafi ya ce masa ya karanta, ya san irin shirun da yakan biyo baya. Yaron ya iya rera baƙaƙe da wasula, ya iya maimaita abin da ke kan allo idan aji ya ɗauka baki ɗaya, amma da zarar an bar shi shi kaɗai da shafin da bai taɓa gani ba, sai ya sunkuyar da kai. Rahoton da Bankin Duniya da UNESCO da UNICEF da wasu hukumomi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin kowane 10 ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi a lokacin da suka cika shekara 10. Mu da muke riƙe da alli mun san waɗannan yara da sunayensu, domin mu ne muke kiran rajistarsu kowace safiya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Karatu kamar saƙa yake ko ɗinki, sai da yawan yi hannu yake faɗawa. Darasin rabin awa a aji mai cunkoso ba ya ba kowane yaro damar karanta ko da layi biyu a gaban malami. Idan ya koma gida kuma, sau da yawa ba ya tarar da littafin da zai buɗe don jin daɗi. Wuri ɗaya tak aka tanada inda ɗan talaka zai zauna da littattafai ba tare da an tambaye shi ko sisi ba, shi ne laburaren jama'a. Saboda haka halin da wannan ɗaki yake ciki ya shafe mu kai tsaye, kamar yadda rufin ajinmu ya shafe mu.

Ɗakunan karatu ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Tun a shekarun 1940 hukumomin En'e suka buɗe ɗakunan karatu a garuruwan Arewa, inda jama'a kan taru su karanta ko a karanta musu Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna. A 1953 UNESCO ta shirya taro a Ibadan kan bunƙasa laburaren jama'a a Afirka, sannan a 1964 aka yi dokar da ta kafa Laburaren Ƙasa. A yau jihohi suna da hukumomin laburare, akwai manyan gine-gine irin Laburaren Murtala Muhammad da ke Kano, akwai kuma rassa a wasu ƙananan hukumomi.

Akwai wani abin tunawa da ya kamata ya motsa mu. Lokacin da Hukumar Talifi ta shirya gasar rubuta littattafan hira a 1933, saboda waɗanda suka koyi boko ba su da abin karantawa da Hausa, malaman makaranta na cikin waɗanda suka fi amsa kira. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa yana koyarwa a Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. Magabatanmu a wannan sana'a sun ga giɓi, suka cike shi da alƙalaminsu. Giɓin zamaninmu shi ne littattafan suna kan kanta, yaran suna kan titi, babu mai haɗa su.

Wanda ya leƙa ƙananan laburare a garuruwanmu zai ga abin da muke nufi. Ma'aikata kaɗan ne, aikin kuwa ya fi ƙarfinsu. Ƙurar hunturu ta lulluɓe kantoci, gara na cin bayan littattafai, kwalayen da aka kawo gudummawa suna jibge a kusurwa ba a shigar da su rajista ba. Masu zuwa galibi 'yan jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ne, waɗanda suke zuwa da nasu littattafan don neman wuri mai shiru. Sashen yara, inda ma akwai shi, yakan wuni babu kowa.

Shawarar da muke kawowa gaban 'yan wannan reshe ita ce mu ɗauki nauyin sa'o'i biyu a kowane mako a laburaren da ya fi kusa da mu, a matsayin aikin sa-kai. Lissafin ba mai tsoratarwa ba ne. Idan malamai 40 suka ba da sunayensu, mutum huɗu suna zuwa kowane mako, to kowa zai je sau ɗaya ne a cikin mako 10. Game da lokaci, mun san yara da yawa suna Islamiyya ranakun Asabar da Lahadi, don haka yammacin Alhamis, lokacin da makarantun allo da na Islamiyya suke hutu, zai fi dacewa a wasu unguwanni. Kowace unguwa ta duba abin da ya yi mata daidai, bayan an tuntuɓi iyaye da malaman addini.

Aikin da ke jiranmu iri uku ne. Na farko shi ne wanda muka fi kowa iyawa: zama da yara 10 ko 15 a kan tabarma, a karanta musu labari da murya mai daɗi, a tsaya a tambaye su me suke zaton zai faru, sannan a miƙa musu littafin kowa ya karanta sakin layi ɗaya. Babu bulala, babu maki, babu dariya ga wanda ya yi tuntuɓe. Waɗanda suka sami horo a shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa, irin su RANA a Katsina da Zamfara ko Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, suna da dabarun da za su koya wa sauranmu.

Na biyu shi ne taimaka wa ma'aikata wajen tsara littattafai. Yawancin laburaren jama'a suna bin tsarin Dewey, wanda aka fara wallafawa a Amurka a 1876, ya kasa ilimi gida 10. Addini yana lamba 200, harshe 400, kimiyya 500, adabi 800, tarihi da labarin ƙasa 900, littattafan sana'armu ta koyarwa kuwa suna 370. Malami zai koyi wannan a zama ɗaya, daga nan ya iya mayar da littafi mazauninsa. Littafin da aka ajiye ba a gurbinsa ba daidai yake da wanda ya ɓata. Akwai kuma kakkaɓe ƙura, da liƙe shafukan da suka yage, da ɗinke bangon da ya saki.

Na uku shi ne zama gada tsakanin laburare da unguwa. Iyaye sun san mu, sun amince da mu. Uban da ba zai bar 'yarsa ta je wurin da bai sani ba zai bar ta idan ya ji malamarta ce za ta karɓe ta. Saboda haka muna kira na musamman ga 'yan'uwanmu malamai mata, domin idan babu su, zaman karatun zai zama na maza zalla. Haka nan dattijon da ke son a karanta masa takardar asibiti, da matashiyar da ke cike fom na neman gurbin karatu, duk za su sami mai taimaka musu.

Mun san tambayar da ke bakin wasunmu, kuma tambaya ce mai nauyi. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, wanda ƙarin girmansa ya tsaya a takarda, wanda yake bin bashin kuɗin hutu, da wane ƙarfi za a ce ya ƙara yin aiki kyauta? An sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a 2024, amma kowa ya ga yadda malaman firamare a wurare da dama suka sha gwagwarmaya kafin ya iso gare su. Wasu kuma suna tsoron kada hukuma ta ga an sami masu yi a banza ta ƙara naɗe hannu. Ba mu raina wannan tsoro ba, shi ya sa muke gindaya sharuɗɗa.

Sharaɗi na farko, babu tilas. Wanda yake fita neman abin rufin asiri bayan an tashi daga makaranta, ba wanda zai zarge shi. Na biyu, ɗan sa-kai mataimaki ne, ba ya maye gurbin ma'aikaci. Aikin laburare sana'a ce da ake karanta ta a jami'a, tana da ƙungiyarta tun 1962, tana da hukumar da ke yi wa masu ita rajista. Ƙungiyar ƙwadago ba za ta zama sanadin toshe wa wani ma'aikaci hanyar abincinsa ba. Za mu shiga da izinin hukumar laburare a rubuce, mu yi aiki a ƙarƙashin jagorancin ma'aikatan da muka tarar. Na uku, ba za a karɓi ko kwabo daga hannun yaro ba, kuma ba za a mayar da zaman ya koma lesin na kuɗi ba. Na huɗu, kada babba ɗaya ya keɓe da yara, a riƙa zama aƙalla mutum biyu, iyaye kuma su san lokacin zuwa da na tashi.

Game da tsoron naɗe hannun hukuma, mu a ganinmu akasin haka ne zai faru. Ɗakin da babu mai shiga, babu mai yi masa kuka ranar kasafin kuɗi. Amma ranar da yara suka cika shi, iyaye suka saba da shi, muka riƙe rajistar masu zuwa mako bayan mako, to mun sami hujjar da za mu ajiye a gaban shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa mu nemi a gyara rufi, a sayo sababbin littattafai, a ɗauki ƙwararrun ma'aikata. Tun da aka kafa Ƙungiyar Malamai ta Najeriya a 1931, ƙarfinta yana tare da amincewar jama'a. Iyayen da suka ga malamin ɗansu yana karanta masa labari ba don an biya shi ba, su ne za su tsaya mana ranar da muka fito neman haƙƙinmu.

Ribar farko ma a ajinmu za ta sauka. Yaron da ya saba da littafi yana sauƙaƙa wa malamin lissafi da na kimiyya aiki, domin yana iya karanta tambaya ya gane abin da ake nema. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya bar firamare bai iya karatu ba, da wuya sakandare ta gyara shi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka wannan kira ya haɗa da iyalanmu. Iyayenmu malamai da suka yi ritaya suna da lokaci da ƙwarewar da ba a saye a kasuwa. 'Ya'yanmu da suka gama sakandare suna jiran sakamako za su amfana su kuma amfanar. Masu yi wa ƙasa hidima da aka turo makarantunmu suna da rana guda a mako ta aikin raya al'umma, ana iya jawo su.

Muna roƙon shugabannin reshe su sanya wannan batu a ajandar taro mai zuwa, su rubuta wa hukumar laburare, wakilin ƙungiya a kowace makaranta kuma ya buɗe takardar ɗaukar sunaye. Kowane gida ya duba akwatinsa, littafin da yaransa suka girme shi ya kawo. Idan muka fara yanzu, to ranar 23 ga Afrilu, Ranar Littafi ta Duniya, za mu iya tara iyaye su saurari 'ya'yansu suna karatu da bakinsu. Allah Ya ba mu ikon cikawa, Ya sa albarka a cikin abin da muke koyarwa.